Gadon Malami: Littattafan da Masana Suka Bar wa Jami'o'in Ingila

In attajiri ya mutu ya bar fam 100, aka raba wa 'ya'yansa huɗu, kowa ya ɗauki fam 25, babu abin da ya ragu daga darajar kuɗin. Littattafan malami ba haka suke ba. Shekara arba'in yana tara su, wannan yana fassara wancan, wancan yana gyara kuskuren wani, ga kuma abin da ya rubuta da hannunsa a gefen takardu. Ran da aka raba su kashi huɗu, takardu suna nan, amma ilmin da ya haɗa su ya watse. Domin gudun wannan ne masana tarihi da harsuna da addinai na ƙasar Turai suka saba barin littattafansu ga jami'a. Kowa yakan yaba wannan al'ada, ta kuwa cancanci yabo. Amma ya kamata a auna ta, gama cikin irin waɗannan kyautai akwai wadda ta lalace, akwai wadda ta zama kaya, akwai kuma wadda sai da aka je gaban alƙali a kanta.

A fara da wadda ta lalace. Wani ɗan sarki mai son ilmi, Humfrey, ƙanen Sarkin Ingila Henry na Biyar, ya ba Jami'ar Oxford littattafan rubutun hannu sun fi 280, a zamanin da ba a fara buga littafi da inji a Ingila ba. Jami'a ta gina musu ɗaki na musamman, aka gama shi a 1488. A 1550, lokacin rikicin addini, aka aiko mutane daga wajen sarki su kawar da littattafan tsohuwar ɗarika, suka kwashe ɗakin ƙaf. Bayan 'yan shekaru har kantocin da ake jera littattafan aka sayar. Ƙalilan ne ƙwarai daga cikin littattafan Humfrey suka komo Oxford daga baya. Laifin masu kwasa a fili yake, amma akwai wani dalili kuma: jami'a ba ta da kuɗin da aka keɓe domin ɗakin, ba ta kuwa iya maye abin da aka ɗauka ba. Da Thomas Bodley ya sāke buɗe ɗakin a 1602 ya gane wannan, saboda haka ya haɗa kyautarsa da dukiyar da za ta riƙe ta, aka kuma kafa doka cewa ba a ba kowa aron littafi ya fita da shi. Har Sarki Charles na Farko ya nemi aro a 1645, aka hana shi.

Cikin wannan ɗaki ne aka kawo littattafan John Selden, masanin shari'a wanda ya karanci Ibrananci da Larabci. Ya rasu a 1654, wasiyyansa suka miƙa wa jami'a littattafai wajen 8,000 a 1659, da sharaɗin a ajiye su wuri ɗaya da sunansa. Aka sa su a wani sashe na ginin wanda har yau ake kira da sunan Selden. Cikin kayan akwai wata taswirar ƙasar Sin da tekunan da ke kewaye da ita, wadda ta daɗe ba a kula da ita sosai ba. Sai a 2008 wani masanin tarihi ya dube ta da kyau, ya ga ashe hanyoyin jiragen fatake ne aka zana a kanta, abin da ya ƙara wa masana sani game da cinikin Asiya na wancan zamani. Tsakanin kawo ta da gane darajarta shekara wajen 350 ke nan. Wannan babbar hujja ce a kan masu cewa a tsince abin da ke da amfani cikin kyauta, a zubar da saura. Mai tsincewa da idon zamaninsa yake gani, ba ya kuwa iya sanin tambayar da jikokinsa za su zo da ita.

Amma fa jami'a ita ma tana da nata kuka, kukan kuwa ba na banza ba ne. Wanda aka ba kyautar doki an ba shi aikin neman dawa da ciyawa da barga. Lord Acton, babban malamin tarihi na Jami'ar Cambridge, ya tara littattafai wajen 60,000 da niyyar rubuta tarihin 'yanci, bai kuwa rubuta shi ba har ya rasu a 1902. Tun yana da rai bashi ya kama shi, attajirin nan Andrew Carnegie ya saye littattafan, ya bar masa su ya yi ta aiki da su. Bayan rasuwarsa Carnegie ya ba John Morley, shi kuma ya ba Cambridge. Sai da ma'aikatan laburare suka yi shekaru suna neman wurin ajiya, suna ɗinke waɗanda suka yage, suna shigar da sunayensu cikin rajista ɗaya bayan ɗaya. Littafin da ba a rubuta sunansa ba kuwa daidai yake da wanda ya ɓace, tun da ɗalibi bai san yana nan ba. Duk da haka wahalar ta biya, domin 'yan takardun da Acton ya soka cikin littattafai da alamun da ya yi a gefe su ne suka nuna wa na baya yadda tunaninsa ya tafi, sun tsaya a madadin littafin da bai rubuta ba.

Wadda ta fi duka koyar da darasi ita ce ta Aby Warburg, Bayahude mutumin Hamburg ta ƙasar Jamus, wanda aka haifa a 1866. Gidansu gidan masu banki ne, shi ne kuwa babban ɗa. An ce yana da shekara 13 ya bar wa ƙanensa Max gadon shugabancin banki, a kan Max zai saya masa kowane littafi ya nema muddin ransa. Max ya cika alkawari. Warburg ya ba da ransa ga binciken yadda zane-zane da tatsuniyoyi da ilmin taurari na Girkawa da Rumawan dā suka rayu cikin Turai ta baya, har da hanyar da suka bi ta hannun malaman Larabawa. Bai jera littattafansa bisa harufa ba. Yakan ajiye littafi kusa da wanda zai ba shi amsa ko ya yi masa gardama, domin a ganinsa sau da yawa littafin da mutum yake bukata shi ne maƙwabcin wanda ya zo nema. Jerin kansa wani ilmi ne.

Warburg ya rasu a 1929. Da Hitila ya hau mulki a 1933, mataimakansa Fritz Saxl da Gertrud Bing suka ga hatsari, aka loda littattafai wajen 60,000 da kantocinsu cikin jiragen ruwa a watan Disamba na shekarar, aka kai su Landan. A 1944 iyalin Warburg suka ba Jami'ar Landan su, da takardar alkawari cewa jami'a za ta riƙe laburaren har abada, ta ba shi muhalli da ma'aikata, ta bar shi yana cin gashin kansa. Littattafan suka yi ta ƙaruwa har suka wuce 300,000. Bayan shekara sittin da wani abu kuɗin riƙo ya yi nauyi, gardama ta tashi a kan abin da takardar ta ɗora wa jami'a, masana na ƙasashe da yawa suka ji tsoron kada a haɗe littattafan da na babban laburaren jami'a, jerin ya rushe. Magana ta kai babbar kotu, aka yanke hukunci a watan Nuwamba na 1944 da shekara saba'in, watau 2014, cewa alkawarin yana nan daram, har littattafan da aka ƙara bayan kyautar suna cikin amana. Aka gyara ginin, aka sāke buɗe shi a 2024.

In mai karatu ya jera waɗannan huɗu zai ga yawan littattafai ba shi ke sa kyauta ta ɗore ba. Ta Humfrey ta tafi domin babu dukiyar riƙo, babu mai tsaya mata. Ta Selden ta zauna domin wasiyyansa sun kafa sharaɗi a gidan da ke girmama doka. Ta Acton ta nuna cewa mai bayarwa in ya aiko da littattafai ba tare da kuɗin aiki ba, ya jinkirta amfanin kyautarsa da kansa. Ta Warburg kuwa 'yar gajeruwar takarda ce ta tsare ta a ranar da masu bayarwa da masu karɓa duk sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka hakki yana kan kowane ɓangare. Malami ko magadansa su rubuta abin da suke nufi a fili, gaban shaidu, kamar yadda ake yi wa wakafi, kada kuma su tsananta sharaɗi har ɗalibi ya kasa kai hannu ga littafin, gama littafin da aka kulle ba a karantawa abincin gara ne. Jami'a kuma ta auna ƙarfinta tun kafin ta miƙa hannu. In ta ga ba za ta iya ba, gara ta faɗa tun da wuri a nemi wani gida. In ta karɓa, to, alkawari kaya ne, kuma waɗanda za su zo neman hakkinsu a kansa ɗalibai ne da ba a haife su ba tukuna.