Ƙaddara da Neman Ma'anar Rayuwa a Littafin Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, yana cikin ƙagaggun labaran farko da suka samu sakamakon gasar da aka shirya a Zariya a 1933 a ƙarƙashin jagorancin R. M. East. Manazarta sun fi mayar da hankali a kan jigonsa na bauta da fataucin Sahara. Wannan maƙala za ta dubi wani ɓangare dabam, wato amsar da littafin ya bayar ga tambayar da ta daɗe tana damun malaman addini da masana falsafa: mece ce ma'anar rayuwar mutumin da ba shi da iko da abin da ke samunsa? Abin da ya jawo nazarin shi ne ƙorafin da na sha ji a aji daga ɗalibai, musamman waɗanda suka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu, cewa tauraron labarin mutum ne marar kataɓus, wanda ƙaddara ke ja kamar raƙumi da akala.

2.0 Tauraron da Ba Ya Tambaya

A zahiri ƙorafin yana da madogara. Umar bai zaɓi ko ɗaya daga cikin manyan al'amurran ƙuruciyarsa ba. Ya tashi maraya a Kagara, mahassada suka yi wa mijin uwarsa Makau ƙage har aka kore shi daga gari, aka sace yaron, ya faɗa hannun maharan bayi, daga Kano kuma Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar. A duk wannan babu inda muka ji shi yana tuhumar dalilin wahalarsa.

Idan aka kwatanta shi da Imam Gazali, bambancin zai fito fili. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin Munƙizu Minal Dalal yadda shakka ta kama shi, ya bi hanyar masu ilmin kalami da ta masana falsafa da ta Baɗiniyya yana neman yaƙini, har ya bar kujerarsa ta koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, kafin zuciyarsa ta natsu a tafarkin sufaye. Shi nemansa daga shakka ya faro. Umar kuwa ba a nuna shi yana shakka ko sau ɗaya ba. Saboda haka duk wanda ya auna shi da ma'aunin tauraron adabin Turai na ƙarni na 20, wanda ke ƙera wa kansa ma'ana cikin duniyar da yake ganin ba ta da ita, dole ya same shi da rauni.

3.0 Tawakkali ba Kasala ba ne

Sai dai wannan ma'auni bai dace da littafin ba, domin tunanin da aka gina shi a kansa na tauhidin Ash'ariyya ne, wanda almajiran ƙasar Hausa suka saba karantawa a littattafai irin su Ummul Barahina na Shaihu Sanusi. A wannan tafarki Allah ne ke halittar ayyuka, amma bawa yana da kasabi, kuma a kansa ake yi masa hisabi. Gazali ma, a babin tawakkali na Ihya'u Ulumid Din, ya nuna cewa dogaro ga Allah ba ya nufin watsi da sababi.

Da wannan ido za a ga inda ƙoƙarin Umar yake. Bai zaɓi bauta ba, amma shi ya duƙufa ga karatu har ya zama malamin da ake sallama wa. Da mafarkin mahaifiyarsa ya dame shi, shi ya bar daraja da kwanciyar hankali ya kama hanya. Zubin labarin ma yana ƙarfafa wannan, domin dattijo ne zaune a Rauta cikin almajiransa yake ba da tarihin kansa. Ma'anar wahalhalun ba ta bayyana gare shi lokacin da suke aukuwa ba, sai da ya waiwaya ya mayar da su darasi. Amsar littafin ke nan: rayuwa tana samun ma'ana ne idan mutum ya karɓi abin da ba shi da iko a kansa, ya kyautata abin da yake da iko a kansa, sannan ya amfanar da wasu.

4.0 Inda Amsar ta Gaza

Duk da haka, akwai giɓin da bai kamata mai nazari ya rufe ido a kansa ba. Wadda ta fi kowa nema a littafin ita ce mahaifiyar Umar. Ita ce ta bar gida don ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta ƙetare Sahara cikin ƙangi har Tarabulus, inda ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Ba ta gaza shi haƙuri ba, ba ta kuma gaza shi imani ba, amma ita ba ta sami almajiran da za ta zauna ta ba labari ba. Abin da ya raba makomarsu shi ne shi ya faɗa hannun ubangida mai tausayi wanda ya ɗauke shi ɗa, ita kuwa ba ta yi wannan dace ba.

A nan ne littafin ya yi shiru. Ya nuna muguntar miyagun mutane ɗaya bayan ɗaya, amma malamin da ya san ɗacin bauta a jikinsa bai tsaya ya tuhumi tsarin da ya haifar da ita ba. Ke nan natsuwar da Umar ya samu ta kansa ce, ba ta warware wa sauran bayin ayarin komai ba. Wannan shi ne ƙorafin da ya fi cancanta a yi wa littafin, maimakon zargin tauraronsa da kasala.

5.0 Kammalawa

An ga cewa Shaihu Umar ya amsa tambayar ma'anar rayuwa da ilmi da haƙuri da tawakkali, kuma amsar tana da tushe mai ƙarfi a tauhidin da marubucin ya tashi a cikinsa. An kuma ga cewa labarin uwar ya bar wata tambaya a buɗe, wato matsayin wahalar da ba ta ƙare da ɗaukaka a duniya ba. Yana da kyau masu koyar da littafin su riƙa gabatar da ɗan da uwar tare, domin wanda ya karanta labarin Umar kaɗai rabin littafin ya karanta.