Tarihi a Jami'a: Hadda ko Awo?

Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948, manhajar tarihinta a ƙarƙashin Jami'ar Landan take. Ɗalibi yakan san sarakunan Ingila sarai, amma Afirka ba ta cika shigowa ba sai ta sawun Turawan da suka taka ta. Su Kenneth Dike suka tsaya tsayin daka har aka gyara, lalle kuwa sun cancanci yabo.

Amma fa in sarakunan Ingila kurum aka cire, aka jera na Kano a madadinsu, ɗalibi ya ci gaba da hadda, to, gyara bai cika ba. Abin da ya ba tarihi mazauni cikin ilmin jami'a shi ne koya wa mutum auna magana, watau wa ya faɗa, yaushe, don me. Cikin 1970 Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya ɗora labarin Bayajida kansa bisa wannan ma'auni, ya nuna bai isa ya bayyana kafuwar ƙasashen Hausa ba. Ana iya ja da Smith, an kuwa ja. Sai dai malamin da ya kai ɗalibansa bakin rijiyar Kusugu, sa'an nan ya ɓoye musu wannan gardama, rabin darasi ya ba su.