Kunne Ma Yana Da Rariya



Ra'ayina guda ne, kuma na daɗe a kansa: rabin magana yana bakin mai faɗa, sauran rabin yana kunnen mai ji. Shi nake so in kare yau, domin an daɗe ana yanke wa littattafanmu hukunci ba a tambayi masu karanta su ba.

A 1994 Malam Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onitsha. Ya soki ingancinsu, kuma gaskiya ɗaya ce, wani wurin ya yi daidai. Akwai masu rubutu cikin gaggawa, akwai masu kwaso labarin fim ɗin Indiya su sa masa zane da kallabi. Wannan na amsa. Abin da ban amsa ba shi ne maganar da wasu suka ɗora a kai, wai littafi kamar allura yake, da an tsira wa yarinya sai tarbiyyarta ta lalace. Irin wannan tunani ne ya kai aka ƙona littattafai a Kano a 2007.

Haba malamai! Yarinyar nan ba ta da hankali ne? Ba ta da uwa, ba ta da islamiyya?

Bari in ba ku misali. A layinmu nan Ƙofar Doka, kwafi guda na Wa Zai Auri Jahila?, wanda Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990, ya zaga gidaje har bangonsa ya cire. Labarin Abu ne, da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Wata dattijuwa da aka karanta wa ta ce laifin uban ne, bai yi shawara ba. Wata amarya ta yi kuka, ta ce tamkar ita aka leƙo. Wata kuwa ba ta ce uffan ba, sai ta ajiye littafin a ɗakin maigida, ga shi 'yarta ta gama sakandare. Littafi ɗaya, saƙo uku. Kowacce ta tankaɗe, ta ɗauki garinta, ta zubar da tsaki.

Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya mana a jaridar New Nigerian, Allah Ya saka masa. Amma hujjar tana tsakar gidajenmu. Mace mai kunya ba ta iya kallon mijinta ta ce an zalunce ta. Da habaici take faɗa, da waƙar niƙa, yanzu kuma da littafi.

Don haka 'yar uwa, karanta da rariyarki a hannu. In na rubuta shirme ki watsar, ki aiko a gaya mini. Allah Ya sa mu dace, amin.

Taku har kullum.