Kiɗan Power Pop da Masu Riƙon Tsohon Kaset

A shekarar 1967 ne Pete Townshend, makaɗin jita na ƙungiyar The Who ta Ingila, ya kira irin kiɗansu da suna power pop. Sunan ya bi gajerun waƙoƙi na kamar minti uku, masu jita mai ƙara, da muryoyi biyu ko uku da ke tafiya tare, da amshin da kan kwana a kan mai sauraro. Yawanci zancen bai wuce soyayya da kewa ba.

Abin mamaki, kiɗan da aka tsara domin rediyo, shi rediyo ta fi yi wa rowa. Ƙungiyar Raspberries ta Cleveland ta yi kasuwa a 1972, The Knack ta yi a 1979, amma galibin masu wannan salo ba su ci moriyarsa ba. Dubi Big Star ta Memphis. Masu sharhi sun yi ta yabon faifansu na farko, #1 Record, a 1972, sai dai kamfanin Stax mai rarraba shi bai iya kai shi shaguna yadda ya kamata ba. Mutum ya ji labari, ya je saye, ya dawo hannu rabbana.

Wannan rashin sa'a ne ya koya wa na baya dogaro da kai. Shoes, samarin garin Zion a jihar Illinois, a falon gida suka ɗauki Black Vinyl Shoes na 1977. Bayan Tascam ya fito da Portastudio a 1979, ƙaramar rikoda mai ɗaukar layi huɗu a kan kaset, kowane ɗaki ya iya zama sitidiyo. The Posies da kansu suka fara fitar da Failure a kaset a 1988, kuma da rikoda mai layi huɗu Guided by Voices ta ɗauki mafi yawan Bee Thousand na 1994. Ashe zumuncin power pop da kaset tsoho ne. Kamfanin Burger Records na Fullerton ta Kalifoniya, wanda aka kafa a 2007, farfaɗo da shi kawai ya yi, kafin zarge-zargen cin zarafin mata su durƙusar da shi a 2020. Dalilin wannan zumunci dai kuɗi ne: ƙaramar ƙungiya za ta iya buga kaset ɗari ta sayar a wurin wasa, alhali faifan garmaho sai da jari da dogon jira.

Inda nake rabuwa da masoya kaset shi ne cewar da suke yi sautinsa ya fi na kowa. Faɗin zaren bai kai milimita huɗu ba, gudunsa santimita 4.76 ne a daƙiƙa, ga shuuu ɗin da ke ƙarƙashin kowace waƙa. Gaskiyarsu ɗaya ce: idan aka cika wa zare sauti, yakan danne kaifin jita, kiɗan ya dunƙule ya yi taushi a kunne, kuma wannan ya karɓi power pop ƙwarai. Sauran duk aikin na'ura ne. Rikodar Nakamichi Dragon ta 1982 da kanta take saita kan da ke karanta sauti daidai da zare. Yawancin sababbin rikodojin yau kuwa inji ne mai araha, ba su ma da Dolby mai rage shuuu.

Tsohuwar na'ura ita ma tana da nata rigima. Bel ɗin roba kan narke ya koma baƙin danƙo, ƙaramar tayar da ke jan zare ta bushe ta fara cinye shi (duk wanda ya taɓa naɗe zaren kaset da biro ya san wannan ciwon kai), kan da ke karanta sauti kuma sai an riƙa goge shi da auduga da sifirit. Saboda haka, mai son gwadawa ya nemi tsohuwar rikoda mai nagarta, ya kai wa mai gyaran rediyo a sauya mata bel da taya tukuna, kafin ya saka mata kaset ɗin da yake ji da shi.