Daga Sunan Yanka Zuwa Gama-Gari: Sharhi Kan Amfani Da Sunan Everest A Harshen Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin ilimin ma'ana sun daɗe da lura cewa sunan yanka kan iya barin mai shi ya zama suna gama-gari. Wannan maƙala za ta duba yadda hakan ya faru ga sunan Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya daga doron teku, wanda ke kan iyakar Nefal da Tibet. Manufar ita ce a nuna cewa ƙarfin da sunan ya samu a Ingilishi ya ginu ne a kan rabuwarsa da mai shi da kuma danne sunayen da mazauna wurin suke amfani da su.

2.0 Asalin Sunan

Ma'aikatan safiyo na Turawan mulkin mallaka a Indiya sun fara yi wa dutsen lamba, wato Ƙololuwa ta 15. Lissafin Radhanath Sikdar, masani ɗan Bengal, na cikin abin da ya tabbatar da fifikonsa. A 1856 shugaban ma'aikatar, Andrew Waugh, ya bayyana tsawonsa a matsayin ƙafa 29,002, ya kuma ba da shawarar a sa masa sunan magabacinsa, George Everest, wanda ya riƙe muƙamin daga 1830 zuwa 1843. Hujjarsa ita ce bai samu tabbataccen sunan gida ba, domin a lokacin ƙofofin Nefal da Tibet a rufe suke ga baƙi.

Wannan hujja tana da rauni. Al'adar ma'aikatar ita ce barin sunayen gida, kamar yadda aka yi wa Kangchenjunga da Dhaulagiri. Bugu da ƙari, sunan Tibet na dutsen, Chomolungma, ya riga ya fito a taswirar da D'Anville ya buga a Faransa a ƙarni na 18. Shi kansa Everest ya nuna rashin amincewa a 1857, yana mai cewa mutanen Indiya ba za su iya furta sunan ko rubuta shi da haruffansu ba. Duk da haka, Ƙungiyar Nazarin Ƙasa ta Landan ta tabbatar da shi a 1865. Daga baya Nefal ta ɗauki Sagarmatha a matsayin suna na hukuma.

3.0 Furuci Da Ginin Jimla

Mai sunan yana furta shi da gaɓa biyu, farkonsa da dogon wasalin "i", kamar a ce Iivrist. Amma masu magana da Ingilishi sun mayar da wasalin farko gajeren "e", daidai da na kalmar "ever". Ke nan karramawar da aka yi wa mutumin ba ta ma kiyaye lafazin sunansa ba. Abin lura kuma shi ne ƙarshen sunan ya yi daidai da ɗafa-ƙeyar "-est", wadda ke nuna matuƙar fifiko a kalmomi irin su "highest" da "greatest". Dacewa ce kawai, amma ta sa sunan ya yi wa kunnen Bature amon ƙarshen girma.

Ta fuskar ginin jimla, idan ana nufin dutsen kansa, ana cewa "Mount Everest" ko "Everest" ba tare da "the" ba, saɓanin "the Matterhorn" da "the Eiger" na Turai. Da zarar an sa masa "the" ko "an", ko wakilin suna na mallaka kamar "my", to an bar dutse an koma siffantawa.

4.0 Faɗaɗar Ma'ana

Hawan da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka yi ranar 29 ga Mayu, 1953, ya ƙara kafa sunan a bakin jama'a. Ana samun amfaninsa ta hanyoyi uku. Na farko, "the Everest of" wani fanni, wato abin da ya fi wuya ko daraja a cikinsa. Na biyu, "an Everest of" takardu ko bashi, wato tsibi mai yawa. Na uku, kalmar "Everesting" ta masu tseren keke, wadda ke nufin hawa tudu guda a kai a kai har jimillar hawan ta kai mita 8,848. A nan sunan ya zama aikatau, kuma ma'auni, ko da yake Nefal da Sin sun sanar da sabon awo na mita 8,848.86 a 2020.

Duk waɗannan ma'anoni na mai hawa ne da ya zo daga nesa: dutse abokin karawa ne da ake son cin nasara a kansa. Ga al'ummar Sherpa kuwa, wuri ne mai alfarma, mazaunin abar bauta. Wannan ma'ana ba ta shiga Ingilishi ba, domin sunan da ke ɗauke da ita ba a ba shi hanya ba.

5.0 Kwatanci Da Hausa

Hausa ma tana da irin wannan tafiya ta suna. Tarihin Kano ya danganta dutsen Dala da wani mutum mai wannan suna, ɗaya daga cikin kakannin Barbushe, sannan kalmar ta zama gama-gari a "dalar gyaɗa". Bambancin shi ne Dala ya zauna a kan dutsensa, kuma masu harshen da ke kewaye da shi ne suka faɗaɗa ma'anar. Saboda haka mai fassara da ya ci karo da "an Everest of" yana da "dala" ko "tsibi" a hannu, ga "ƙololuwa" kuma domin ma'anar fifiko.

6.0 Kammalawa

An ga yadda sunan ya tashi daga mutum zuwa dutse, daga dutse zuwa ma'auni. Dawo da sunan Uluru a Ostireliya a 1993, da na Aoraki a Niyu Zilan a 1998, ya nuna Ingilishi na iya karɓar sunan gida. Na Everest zai fi wuya, domin ana iya sake taswira da doka, amma ba a cire siffantawa daga bakin masu harshe da doka. Ya kamata masu ƙamus su riƙa kawo Chomolungma da Sagarmatha tare da shi.