Tarihin Kai a Ƙasar Hausa: Abin da Aka Faɗa da Abin da Aka Ɓoye

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce yabon kai jahilci ne. Al'ummar da ta yi riƙo da wannan karin magana, ta kuma ɗora tarbiyyarta a kan kunya da kawaici, ba abin mamaki ba ne idan 'ya'yanta suka yi nauyin hannu wajen rubuta tarihin rayuwarsu da kansu. Duk da haka muna da 'yan littattafai na wannan fanni. Manufar wannan maƙala ita ce duba wasu daga cikinsu ta fuskoki uku: wanda ya riƙe alƙalami, da harshen da aka yi rubutun da shi, da kuma abin da mai labari ya zaɓi ya yi shiru a kansa.

Tushe

Tun kafin zuwan boko malamanmu sun san wannan fanni, sai dai sun ba shi siga tasu. A cikin Ida'un Nusukh, Abdullahi ɗan Fodiyo ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, a Tazyinul Waraƙat kuwa ya tattara waƙoƙinsa tare da bayanin dalilin yin kowace. Mai karatu zai fito da sanin tsarin ilmi na wancan zamani, amma ba zai san yadda Abdullahi yake a cikin gidansa ba. A wurinsa mutum shi ne silsilar malamansa. Wannan fahimta ta bi yawancin marubutan da suka zo daga baya.

Waɗanda Aka Rubuta Musu

Abin lura shi ne, labaran da suka fi fito da rayuwar talaka ba masu su ne suka rubuta su da hannunsu ba. Dorugu yaro ne daga yankin Damagaram da aka kama bawa, Bature Overweg ya 'yanta shi a Kukawa, sannan ya bi Barth har Tambutu, suka isa Ingila a 1855. Can ne ɗan mishan J. F. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, ya fito a cikin Magana Hausa a 1885. Daɗin labarin yana cikin yadda Dorugu ya juya madubi: Turawan da suka saba kallonmu su rubuta, sai ga yaro Bahaushe yana kallon yadda suke cin abinci da yadda suke zaman tare, yana bayyana su a matsayin baƙin halittu masu al'adu na ban mamaki. Amma kada mu manta Schön kalmomi da nahawu yake nema domin aikin mishan, kuma yaron ya san wanda ke ciyar da shi.

Haka abin yake ga Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito da Turanci a 1954, bayan rasuwar Baba a 1951. Babu wani littafi da ya buɗe mana ƙofar cikin gida kamar wannan. A ciki muke ganin rinjin bayi na iyayenta, da fargabar harin mayaƙan Mai Sudan na Kwantagora, da aure huɗu da ta yi ba tare da haihuwa ba, da riƙon 'ya'yan dangi, da ƙawance, da bori, da zaman kishi. Baba ba ta zargi bauta ba, ba ta kuma kāre ta ba. Ta ba da labarinta ne kamar yadda ake ba da labarin damina da rani. Wannan rashin mamaki nata ya fi kowace hujja nuna yadda bauta ta zauna daram a rayuwar ƙasar Zazzau. A ganinmu, abin da ya sakar mata baki shi ne tsufa, da kuma cewa da mace 'yar'uwarta take hira, baƙuwa wadda ba za ta kai gulma unguwa ba.

Waɗanda Suka Rubuta da Sunansu

Da muka zo kan manya sai lamarin ya sauya. Littafin Sardaunan Sakkwato, My Life, ya fito a 1962, lokacin yana Firimiyan Jihar Arewa. Ya kafa labarin a kan nasabarsa zuwa ga Shehu Usmanu, da ƙuruciyarsa a Rabah, da karatunsa a Kwalejin Katsina, sannan ya shiga harkar mulki da tarurrukan tsarin mulki. Shari'ar kuɗin jangali ta 1943, wadda ya ɗaukaka ƙara a kanta aka wanke shi a Zariya, bai daɗe a kanta ba, kuma abin da ya faɗa game da iyalinsa bai taka kara ya karya ba. Littafin hujja ce ta ɗan siyasa mai ci, wanda yake son 'yan Kudu da Turawa su fahimci dalilin da ya sa Arewa take tafiya yadda take tafiya. Shi ya sa aka fara fitar da shi da Turanci.

Where I Stand na Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya yi tare da Isma'ila Tsiga, ya fito a 1992, shekarar da ya rasu. Sunan littafin ma ya nuna manufarsa: bayyana matsayi a kan saɓaninsa da 'yan ɗariƙa da dangantakarsa da Sardauna. Na Alhaji Shehu Shagari, Beckoned to Serve, wanda ya fito a 2001, sunansa na nuna cewa kiran mai littafin aka yi ya amsa. A nan ma al'ada ce ke magana, domin a wurinmu neman mulki a fili abin kunya ne. Dukkansu taska ce ga mai nazarin siyasa, amma ofis da zaure suka nuna mana, labulen cikin gida a sake yake.

Darasi Daga Wuse

Muna iya auna wannan giɓi da Abuja. Tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta yi sa'ar samun Hassan Dallatu da Shu'aibu Na'ibi, waɗanda suka rubuta tarihinta da Hausa, Frank Heath ya fassara shi a 1952. Amma wannan tarihin sarakuna ne. Bayan dokar soja ta 1976 da ta kafa sabon babban birni, an tashi mutanen Wuse, aka kai su Sabon Wuse da ke Jihar Neja, kafin gwamnati ta tare a 1991. A yau Wuse unguwa ce ta bankuna da otal-otal da babbar kasuwa, kuma a manyan ɗakunan taron birnin ake ƙaddamar da tarihin manya, attajirai na sayen kwafi ɗaya da kuɗin da ya isa buga ɗaruruwa. Tsohuwar da ta bar gonarta da kushewar iyayenta a ƙarƙashin wannan kwalta ita ce Baba ta Karo ta zamaninmu. Haka ma ɗan dakon da ya baro Katsina ko Maraɗi ya tsufa a Kasuwar Wuse. Labarin birnin bai cika ba sai da nasu.

Kammalawa

Abin da wannan nazari ya nuna shi ne, talaka ya buɗe cikinsa amma alƙalamin na baƙo ne, babba kuma ya riƙe alƙalaminsa amma ya rufe cikinsa, kuma sau da yawa ya zaɓi harshen da talakawansa ba su karantawa. Saboda haka wajibi ne mai karanta tarihin kai ya riƙa tambaya: wa ake faɗa wa, kuma me aka tsallake? Ga ɗalibanmu kuwa, aikin da Schön da Mary Smith suka yi bai fi ƙarfinmu ba, mun ma fi su jin harshen da sanin inda ake sakaya zance. Kowannenmu yana da kaka ko kawu da ya ga abin da ba ya cikin kowane littafi. Mu zauna da su da na'urar ɗaukar magana tun suna raye, mu rubuta da Hausa, mu bar musu kalmominsu yadda suka furta su, domin da zafi-zafi akan daki ƙarfe.