Yawon buɗe ido na "biya gaba ɗaya": darasi daga Gambiya

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba wata hujja da gwamnatocin ƙasashe masu tasowa suka daɗe suna kafawa, wato yawan baƙi shi ne ma'aunin amfanin yawon buɗe ido. A ganinmu hujjar ba ta cika ba, kuma misalin Gambiya ya isa shaida.

A 1965 ne ƴan yawon buɗe ido daga Suwidin suka fara zuwa Gambiya. Daga baya Turawan Ingila suka fi yawa. Tsarin "biya gaba ɗaya" shi ne baƙo ya biya kamfani a Turai kuɗin jirgi, masauki, ci da sha tun bai taso ba. In ya sauka otel a Kololi ko Kotu, ba abin da zai fitar da shi. Kuɗin sun riga sun zauna can. Abin da ke isowa shi ne rabon otel, wanda kamfanin ke da ƙarfin yanke farashinsa, da albashin ma'aikata, mafi yawansu daga Nuwamba zuwa Afrilu. Mai gidan abinci, direban taksi da mata masu tallar ƴaƴan itace sai dai su hangi baƙi ta bayan katanga. Samarin da ke bin Turawa a bakin teku ana zarginsu da naci, alhali tsarin ne ya rufe musu ƙofar ciniki.

Gwamnatin Gambiya ta gane haka, ta hana tsarin a 1999. Kamfanonin Turai suka matsa, aka janye hanin a 2000. Wanda ke riƙe da jirgi da jerin baƙi shi ke da ta cewa. An ga haka a ƙarshen 1994, lokacin da Ingila ta gargaɗi mutanenta bayan juyin mulkin Yahya Jammeh, otel-otel suka zama wayam. An sake gani a Satumban 2019 da kamfanin Thomas Cook ya durƙushe ana dab da buɗe kakar baƙi.

Ba mu musanta cewa otel na ba da aiki, ƙasa kuma na samun kuɗin waje. Abin da muke suka shi ne lissafin da ke tsayawa a filin jirgi. Shirin Gambia is Good, wanda aka fara a 2004 don haɗa manoman lambu da otel-otel, ya nuna cewa ana iya tsare wani kaso cikin gida. Saboda haka tambayar da ta kamata masu bincike su riƙa yi ita ce: cikin kuɗin da baƙo ya biya, nawa ne suka kwana a ƙasar, kuma a hannun wa?